Datsun 240Z ta shekara goma a ajiye, ta ina zan fara?

Ɗan'uwa, ka ce motar marigayi mahaifinka ce, tana garejin gidanku a Ƙofar Ƙaura, ka sa sabon batir amma ta ƙi tashi. Allah ya jiƙan Baba. Don Allah ka daina murza makullin nan tukuna.

Injinta L24 ne, lita 2.4, silinda shida a jere, wanda Nissan, mai ƙera Datsun, ta fito da motar da shi a 1969. Yana da ƙwari, amma juya shi a bushe yana kankare bangon silinda. Ka kwance fulogi duka shida, ka ɗiga baƙin mai kaɗan a kowane rami, ka bar shi kwana biyu, sannan ka juya injin a hankali da sifana. In ya juya, ka canza mai da filta.

Inda na fi zargi shi ne fetur. Wanda ya daɗe haka ya zama danƙo, ya toshe tanki da kafireto biyun da take da su, na kamfanin Hitachi. Sai an sauke su an wanke. Wurin haɗawa a daidaita kafireton biyu tare, in ba haka ba injin zai riƙa rawa. Tiyo na roba kuwa, zafin Katsina ya gama busar da su, ka canza duka, musamman na birki.

Duba kwantak (maɓallin da ke buɗewa da rufewa don fulogi su samu wuta) da wayoyi, ɓera na son su. Jerin wutar fulogi 1-5-3-6-2-4 ne.

Tsatsa ba ta cika damunmu a nan ba, amma leƙa ƙarƙashin mazaunin batir, can take fara ci.