Amsa ga mai tambaya kan nota mai ɗigo a buɗewar Messiah

Ɗan'uwa, ka ce idan kana buga buɗewar Messiah (kiɗan farko na wannan babbar waƙa) ta mawallafin kiɗa Handel notocinka masu ɗigo suna fita a kasalance, kana tambaya ko ka ninka ɗigon, wato ka ƙara tsawaita mai ɗigo ka ƙara gajarta ta bayanta. Wallahi na san wannan ciwon, duk mai kiɗan Barok (salon kiɗan Turai na zamanin Handel) ya ɗanɗana shi.

Ɗigo yana ƙara wa nota rabin tsawonta, don haka a rubuce tsawon doguwar da na gajeriyar da ke bin ta 3 da 1 ne, amma hannu yana zamewa zuwa 2 da 1 ba ka sani ba, domin kunne yana liƙa gajeriyar nota da doguwar da ta wuce. Ita kuwa ta bugun da ke tafe ce. Ka raba bugu gida 8 kana ƙirgawa da baki. Ka shigar da gajeriyar a na 7, wato 3 da 1, sannan ka gwada a na 8, wato 7 da 1. Ka ɗauki kanka a waya ka saurara, ka ji bambancin.

Abin da ke ƙona min rai shi ne malaman da ke cewa "ninka ko'ina" kamar doka. Sun ɓata yara da yawa! Ɗalibi ya riƙe doguwar har numfashinsa ya ƙare, ya fizgi gajeriyar da ƙarfi, kafaɗa a ɗage, bugu na gaba ya makara, masu bas (kayan kiɗa masu kaurin murya) su shiga daban, masu biyolin daban. Sai a dube shi a gaban kowa a ce ba shi da kunne, alhali ba a taɓa gaya masa ya ɗaga izga ko yatsa ya bar ɗan shiru a wurin ɗigon ba. Shirun nan ne ke ba gajeriyar kaifi, ba ƙarfi ba.

Gaskiya Quantz, makaɗin sarewa Bajamushe, ya rubuta a 1752 cewa a tsawaita mai ɗigo a gajarta ta bayanta. Amma Frederick Neumann, masanin kiɗa na ƙarni na 20, ya yi ta musun cewa haka ake yi ko'ina. Magabatan ma ba su daidaita ba: idan ɗigo ya haɗu da notoci uku-uku (uku a bugu ɗaya), C.P.E. Bach, mawallafin kiɗa na zamanin Quantz, ya ce gajeriyar ta faɗi tare da ta ukun, Quantz ya ce bayanta.

A Handel ɗin naka, inda aka ɗiga kwata (nota mai tsawon bugu ɗaya), ku yarda tun wurin gwaji ko gajeriyarta za ta zo tare da gajerun sauran muryoyi. Ku sa alama da fensir a takardar kowa, har ta mai hafsikod, abin kiɗan nan mai kama da piyano.