Tun da Aka Ce Ina da Ciwon Sukari na Masu Juna Biyu Barci Ya Ƙaurace Mini

Assalamu alaikum Anti, da fatan kina lafiya, Allah ya ƙara basira. Ni matar aure ce, cikina ya shiga wata na bakwai, kuma tun ranar da aka ba ni ruwan sukarin nan a wurin awo, aka zaunar da ni awa biyu ana ɗibar jinina, sannan likita ya ce ina da ciwon sukari irin na masu juna biyu, ban sake samun kwanciyar hankali ba. Da na kwanta sai tunani ya taso mini: ko abin da ke cikina zai zo da rai, ko zai zo da nakasa, ko aiki za a yi mini, ko kuwa ni ce zan tafi in bar yarana. Mahaifinmu ciwon sukari ne ajalinsa bayan an yanke masa ƙafa, saboda haka da na ji an ambaci sukari, Baba nake gani a kan gadon asibiti.

Amma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne mutanen gida. Hajiya, mahaifiyar maigidana, cewa take yi ni na jawo wa kaina da shan lemon kwalba da kwaɗayin zaƙi, wai su a zamaninsu sun haifi goma goma ba su taɓa jin wannan ciwo ba, kuma a gaban faccalolina take faɗa. Anti, Allah ne shaidata, ban fi kowa shan lemo a gidan nan ba. Shi kuma maigidan, da na fara yi masa maganar sai ya ce in bar wa Allah, ya ci gaba da danna wayarsa. Ai ni ma na san komai na Allah ne, amma ko sannu ba za a yi mini ba? A layin awo kuma wata ta ba ni labarin maƙwabciyarta da ɗa ya yi girma a ciki har ya maƙale wajen haihuwa, tun daga nan abin ya ƙaru.

Na sayi na'urar gwaji, kullum ina huda yatsa, da lamba ta hau sai gabana ya faɗi. Abincin dare ma na bar shi, in yunwa ta matsa sai in sha ruwan shuwaka in kwanta don in ga lamba mai kyau da safe, amma duk da haka Hajiya ba ta fasa gori ba. Wallahi gorin nan ya ishe ni, kamar ni na roƙi ciwon. Don Allah yaya zan yi da tsoron nan, kuma yaya zan yi da Hajiya?

'Yarki, daga Zariya

Wa alaikumus salam 'yata, sannu, Allah ya sauke ki lafiya. Kin cika takarda da maganar Hajiya, amma ni layi ɗaya ne ya tayar mini da hankali, inda kika ce kin bar abincin dare kina kwana da ruwan shuwaka. Daga yau ki daina. Mai ciki wata bakwai ba ta kwana da yunwa, domin idan jiki ya rasa abinci yakan koma ƙona kitse, abin da likitoci ba sa so ga mai juna biyu, kuma hanta takan saki nata sukarin cikin dare, har ki wayi gari lambar ta hau duk da wahalar da kika sha. Ba ki faɗa mini ko an ɗora ki a kan magani ba. In kuwa kina yin allurar insulin, wato sinadarin da jiki ke amfani da shi wajen sauke sukarin jini, kwana da yunwa zai iya faɗar da sukarinki har ki suma. Bayan haka, lambar da aka samo da yunwa yaudarar likita ce, zai duba littafinki ya zaci komai daidai ne.

Abin da ake so shi ne ki ci sau uku daidai gwargwado, ki ɗan taɓa wani abu a tsakani, kafin barci kuma ki ci dafaffen ƙwai ko gyaɗa ko nono marar sukari. Ki rage girman malmalar tuwo, ki yawaita miyar ganye, zogale, wake, alale da kifi. Lemon kwalba da zoɓo mai sukari kam a ajiye su, kuma kada wani ya ruɗe ki da cewa zuma ko dabino ba sa tayar da sukari, suna tayarwa. Acca ma da ake yabo tana buƙatar awo. Bayan cin abinci ki zaga tsakar gida minti 10 zuwa 15. Galibi ana son lambar safe kafin karyawa ta kasance ƙasa da 95, ta awa biyu bayan cin abinci kuma ƙasa da 120, ko 5.3 da 6.7 idan na'urarki ɗaya ma'aunin take nunawa, amma abin da likitanki ya tsara miki shi ne gaba. Lamba ɗaya da ta hau ba bala'i ba ce, rubuta ta za ki yi tare da abin da kika ci. Mata da yawa abinci da motsa jiki kaɗai ke isarsu, idan kuma aka ba ki ƙwayar maganin sukari ta metformin ko allurar insulin, ba gazawarki ba ce.

Game da Hajiya, ba ɗabi'ata ba ce in yanke hukunci da jin ɓangare ɗaya, kuma uwa ce, dole a girmama ta. Sai dai a wannan magana ba ta da gaskiya. Mabiyiya ce ke fitar da sinadaran da ke rage ƙarfin insulin yayin da ciki ke tsufa, shi ya sa ake gwajin tsakanin mako na 24 da na 28, kuma wadda mahaifinta ya yi ciwon sukari, kamar ke, ta fi saurin kamuwa ko da ba ta taɓa kwalba ba. Zamaninsu kuwa gwajin ne babu, ba ciwon ba. Kada ki yi musu da ita. Ɗanta ne ya kamata ya yi mata bayani, kuma shi ne na fi ganin laifinsa. Tawakkali bai hana ɗaure raƙumi ba. Ya raka ki awo na gaba ya ji daga bakin likita, ya ɗauki nauyin tsinken gwaji, ya kuma sauya cefane.

Tsoronki kuma ki rarrabe shi. Ƙafar Baba, Allah ya jiƙansa, sakamakon sukarin da ya daɗe shekaru yana ɓarna ne, naki kuwa yawanci yakan tafi bayan an haihu. Sukarin da ya fara a tsakiyar ciki ba a san shi da haddasa nakasa ba, domin an riga an ƙera gaɓoɓin jariri tun makonnin farko. Abin da ake gudu shi ne ɗa ya wuce kilo 4, ko hawan jini gare ki, ko sukarin jariri ya faɗi bayan haihuwa, kuma saboda su ne ake bibiyar ki. Aiki ba dole ba ne. Ki haihu a asibiti, ki sa shi a nono da wuri, kuma idan kika ji motsinsa ya ragu ki tafi a lokacin, ko tsakar dare ne. Rashin barcin ma ki faɗa wa likita ƙarara, shi ma abin dubawa ne.

Ku kuma matan layin awo, ku ji tsoron Allah. Mace na zaune da katinta gabanta na faɗuwa, ke kuma ba ki da abin ba ta sai labarin wadda ɗa ya maƙale wa, alhali ba ki san ko waccan ta taɓa zuwa awo ba. In ba ki da kalmar ƙarfafa gwiwa, ki yi mata sannu ki yi shiru.

Saura abu ɗaya, 'yata: idan kin sauka kin shiga jego, kada a cika miki kunun kanwa da sukari da sunan ciwo ya wuce. Ki koma a sake gwada ki tsakanin mako 6 zuwa 12 bayan haihuwa, sannan ki riƙa gwaji a kai a kai, domin wadda ta yi wannan tana cikin haɗarin kamuwa da ciwon sukari na dindindin daga baya, musamman da yake akwai shi a gidanku.