Dalilin sanyin tekun Gana a watan Agusta

Malam, ka tambayi abin da ke sa teku a gaɓar Takoradi da Tema ya yi sanyi daga Yuli zuwa Satumba, kifi kuma ya yawaita. A lokacin ne ruwan ƙasan teku, mai sanyi da yalwar sinadarai, ke tasowa ya maye gurbin na sama, sai ƙananan tsirran ruwa su bunƙasa, sardin ya biyo su. Masana da dama na ganin iskar gaɓa kaɗai ba ta isa ba, akwai hannun raƙuman ruwa na ƙarƙashin teku masu tahowa daga wajen Brazil. Tsayin teku kan ɗan sauka a waɗannan watanni, amma hakan bai soke ƙaruwar kimanin santimita 20 da tekunan duniya suka yi tun 1900 ba.