Na'urar GPS ta mota mai ajiye sawun hanya

Malam, ka tambayi wace GPS ta mota za ka saya don zana hanyoyin ƙauyukan Mirriya da Tanut a taswira. Kafin ka biya, tabbatar tana fitar da sawun tafiyarka a fayil ɗin GPX, wato nau'in fayil na ajiye sawun GPS, wanda OpenStreetMap, taswirar intanet da kowa ke iya ƙara wa hanyoyi, ke karɓa. Wasu na'urorin nuna hanya kawai suka iya. Ni dai Garmin eTrex zan ce. Ba ta mota ba ce zalla, amma batir AA biyu take ci, ba ruwanta da ƙura. Sa ta ɗauki wuri kowace daƙiƙa, in ba haka ba kwanonin hanya su fito a miƙe. Manhajar taswira ta OsmAnd a waya ma tana ajiye sawun, ko babu intanet, sai dai ranar Damagaram in ta doki gilashin gaba, wayar zafi take yi ta mutu.