Bakanike ya ce a cire tamostat, in yarda?

Tambaya: Salam Injiniya. Corolla ce gare ni 'yar Kwatano, da na shiga go-sulo da rana, musamman wajen Kurna, sai allurar zafi ta fara hawa, amma in na samu hanya ina gudu sai ta sauko. Bakanikena ya ce a cire tamostat, wato ɗan bawul ɗin da ke buɗe wa ruwan injin hanya in ya yi zafi, a huta, wai don sanyin Turai aka yi shi. Tsoro nake kar injin ya buga.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Ai kai da bakinka ka faɗi ciwon. Motar da ke zafi a tsaye ta huce a guje iska ce ba ta ratsa lagireto, don haka a fara da fanka, a duba fis da rile da sensa, sannan a wanke gaban lagireto, ƙurar garin nan toshe shi take yi.

Maganar cire tamostat kuwa wallahi na gaji da ita, kullum sai an kawo min mota an zare shi an jefar. Wai na Turai ne! To motocin da ke yawo a Saudiyya da Dubai fa, ina ce da shi suke zuwa daga kamfani? Injin an ƙera shi ne ya yi aiki wajen digiri 90, shi kuma tamostat a rufe yake har ruwa ya kai kusan 82 a yawancin Toyota, lambar ma tana rubuce a jikinsa, sannan ya buɗe ruwa ya tafi lagireto. In ka cire shi injin zai daɗe bai ɗau zafi ba, balle da asubar hunturu, kwamfutar motar ta yi ta ƙara fetur tana zaton har yanzu da sanyi, fetur ɗin ya wanke bakin man da ke jikin silinda, zoben fistin na cinyewa a hankali kai kuma kana ta zagin gidan mai. Abin haushin ma, a injina da yawa shi ne ke toshe gajeriyar hanyar da ruwa ke zagayawa cikin injin, in babu shi wani ruwan ba zai ma leƙa lagireto ba, ka ga zafin da ake gudu an ƙaro shi. Shi kuma ainihin ciwon yana nan har ranar da gasket zai ƙone, mai gyaran ya ce ƙaddara ce.

In ana zargin tamostat ɗin a jefa shi a tukunyar ruwan zafi, kana kallo zai buɗe kafin ruwa ya tafasa, in ya ƙi a sayo sabo a kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa a Kano.

Kuma don Allah in allura ta hau ka faka ka kashe, kar ka taɓa murfin lagireto, ruwan ciki yana iya wuce digiri 100 saboda matsi, fuska yake feshewa. Sai ta huce sarai a ƙara kulant, wato ruwan sanyaya injin na musamman, ba ruwan bohol ba.