Tambayoyinku ga likita: wai mene ne guntun antibodi?

Tambaya: Likita sannu da aiki, ana yi wa mahaifina allura a cikin ido, an ce wai guntun antibodi ne, to me ya sa guntu?

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya ɗan uwa. Antibodi dai furotin ne da garkuwar jiki ke ƙerawa, siffarsa kamar harafin Y, hannuwa biyun su ke cafke abin da ake farauta, ƙafar kuma ita ke kiran sauran sojojin jiki su zo faɗa, to a ido ba a son wannan hayaniya, cafkewar kawai ake so, shi ya sa ake ɗaukar hannu ɗaya da ake kira Fab, wajen kashi ɗaya cikin uku na cikakken. In maganin ranibizumab ne, wanda Amurka ta amince da shi a 2006, aikinsa kama furotin VEGF mai sa jijiyoyin jini marasa ƙwari su tsiro a bayan ido suna yoyo. Don Allah kar Baba ya tsallake ranar allura.

Tambaya: Da gaske ne ana samun magani a jinin raƙumi?

Amsa: Da ƙamshin gaskiya Hajiya, amma fa ba shan jinin ake ba! Masana a Brasels ta Beljiyam ne suka gano raƙumi da ɗan uwansa lama na Kudancin Amurka suna da wani antibodi na daban, suka wallafa a 1993. Guntunsa shi ne nanobodi, kashi ɗaya cikin goma na cikakken, kuma bakteriya ko yis ake sa wa su ƙera shi a dakin gwaji. Maganin caplacizumab na wata cutar daskarewar jini irinsa ne, Turai ta amince da shi a 2018. Masu bincike ma suna manna wa nanobodi launi mai ƙyalli su bi sawun furotin cikin ƙwayar halitta.

Tambaya: Tunda ƙaramin ya fi ratsa jiki, me ya hana a bar manyan?

Amsa: Ƙoda ce Malam. Cikakken antibodi kan yi makonni a jini, guntu kuwa cikin awanni ƙoda ta tace shi ya bi fitsari. In maganin zuciya digoxin ne ya yi wa mutum yawa haka ake so, Fab ya kama shi su fita tare, amma ga ciwo mai daɗewa kamar amosanin gaɓɓai sai an rataya wa guntun wani sinadari PEG ya ƙara masa nauyi, kamar yadda aka yi wa maganin certolizumab.