Moto na zafi: in sa mata na'urar ƙara mai?

Tambaya: Malam, ni ɗan kabu-kabu ne a unguwar Birni, Damagaram. Da zarar bazara ta kama, injin motona yakan yi zafi har ya ƙona mini ƙafa. An ce akwai na'urar da ake sa wa moto ta ƙara mata esans, zafin ya ragu. In saya?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka yi gaggawar fitar da kuɗinka. Na'urar tana aiki, amma sai a moto mai kwamfuta wadda ke fesa mai da kanta. Masana'anta kan daidaita iska kashi 14.7 da mai kashi 1. Na'urar tana rage kason iskar zuwa wajen 13, sai rarar man ta sanyaya ɗakin ƙuna, wato wurin da mai ke ƙonewa a cikin injin. Zafi zai ragu kaɗan, shan mai kuma zai ƙaru, kuma kai da cinikin yini kake ciyar da iyali.

Yawancin motocinmu na nan kuwa masu kafireta ne, ba su da inda za a jona na'urar. Je wurin makanike ya kwance fulogi. In bakin fulogin ya yi fari fat, mai ya yi wa injin kaɗan, sai ya gyara kafireta, ya duba ko iska na shiga ta wata ɓaraka. In ya yi baƙi, man ya riga ya yi yawa.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙura. Iska kaɗai ke sanyaya injinka, a garin da zafi ke wuce digiri 40 a Afrilu da Mayu. Wanke haƙarƙarin injin, wato ƙarafan jikinsa da iska ke ratsawa, canza baƙin mai kan lokaci, kuma ka riƙa kashe injin in kana jiran fasinja.